Neman shawara: ɗan Damagaram na son masta kan injinan jirgin ruwa

Assalamu alaikum yayyena. Ina da lisansi (digirin farko) a fannin kanikancin injuna, ina son in ɗora da masta kan tsara injinan manyan jiragen ruwa. Tsohona bai hana ba, amma ya ce in gaya masa inda zan ci abinci da wannan takarda a ƙasar da ba ta da teku. Ina ake karatun, kuma akwai amfani in na dawo gida?

Wani injiniya, daga Abijan: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara rarrabe abu biyu. Akwai mai kula da inji cikin jirgi, shi sai ya yi watanni a teku ya samu shaidar STCW, takardar ƙwarewar ma'aikatan jirgin ruwa ta duniya. Wannan layin ana koyar da shi nan Abijan a ARSTM, makarantar koyon aikin teku, da kuma jami'ar harkokin teku ta Akara. Kai abin da ka faɗa na mai zane ne, aikin ofis da lissafi. Za a ba ka jirgi da nauyinsa da gudun da ake so, ka zaɓi injin da ya dace da farfelarsa. Manyan jiragen kaya injinsu a hankali yake juyawa, wajen sau 100 a minti ko ƙasa da haka, an haɗa shi da farfela kai tsaye ba giya. Baƙin man da yake sha kauri gare shi, sai an dumama an tace kafin ya shiga. Ruwan teku kuwa gishiri, yana cin ƙarfe, don haka ruwan daɗi ke zagaya inji, na teku ya sanyaya na daɗin ta bayan farantin ƙarfe ba tare da sun gauraya ba. Ga janareto, ga famfuna, kuma dole in ɗaya ya tsaya wani ya karɓa, don babu gareji a tsakiyar teku. In lissafin zafi da na gudun ruwa cikin bututu suna ba ka wahala, gyara su tun yanzu.

Wata malama, daga Birni: Ɗana, kuɗin fa? Da Nowe ake rububi saboda jami'ar NTNU ta Tironhaim kyauta ce, amma tun 2023 sun sa wa ƴan wajen Turai kuɗin makaranta. Jami'ar Delft ta Holan ma tsada. Mai Faransanci ya fara duba makarantar injiniyoyi ta Centrale a Nant ta Faransa, ko da yake mastocin irin wannan da yawa da Turanci ake yi. Ka leƙa ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, ka ji ko akwai bursi.

Wani ɗan Zango: Ni dai ina bayan Baba. Jirgin ruwa a Damagaram? Mu da muke tashi da asuba neman na sha!

Injiniyan Abijan: Malam, ka ba ni dariya, amma ba haka ba ne. Injinan kamfanonin Wärtsilä da MAN da ke cikin jirage, danginsu ne ake girkawa a tashoshin lantarki a tudu. Matatar man SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ai famfo ce da bututu da tukunyar tururi. Ɗanyen man Agadem ma bututu ke kai shi Seme ta Benin, jirgi ya ɗauka. Sai dai kada a ruɗe shi: ainihin zanen jirgi yana inda ake ƙera su, Cana, Koriya ta Kudu, Japan, sai Turai. In shi yake so tsantsa, zaman waje ya kama shi.

Mai tambaya: Na gode Yaya. To wane ɓangare zan riƙe da zai yi mini aiki nan da can?

Injiniyan Abijan: Riƙe makamashi da mai. Tun 2020 IMO, hukumar harkokin teku ta duniya, ta rage farar wutar da aka yarda a man jirgi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, wannan na cikin dalilan da suka sa ake ta komawa gas da metanol da batura. Yi kundinka a kan haka. Kafin nan nemi sitaj (koyon aiki) a wata tashar lantarki, ka kuma zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, don ana neman sakamakonta cikin takardun shiga.