Tsakar gidanmu a Aboabo tana cika da ruwa: a zuba siminti yanzu ko a jira ruwa ya ɗauke?

Mai Gidan Haya, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin gini. Gidan haya ne a Aboabo, Kumasi, ɗaki 9 kewaye da tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Rabinta tsohon siminti ne da ya tsattsage, rabinta jar ƙasa. Tun da ƙaramar damina ta kama a Satumba, duk ruwan da aka yi sai ya kwanta a tsakiya har washegari. Gefen da mata ke wanki ya yi gansakuka, santsi ba a magana, ga sauro. A nan ne kuma yaran gidan ke buga ƙwallo bayan makaranta, 'yan mata na yin ampe, wasan tsalle da tafi. 'Yan haya sun yarda a yi karo-karo. Shin mu zuba kankare gaba ɗaya yanzu, ko akwai abin da ya kamata a fara yi? Buhu nawa zai ci?

Magini Ɗan Asawase:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi siminti tukuna. Gangara ce ke fitar da ruwa daga gida. In ka zuba kankare a wurin da ba shi da gangara, ruwan zai ci gaba da kwanciya inda ya saba, ga shi kuma ka rufe ƙasar da ke ɗan shanye shi.

Ka fara da rufi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɗaki 9 da baranda, ɓangaren kwanon da ke zubowa cikin gida zai iya kai murabba'in mita 100. In aka yi ruwa milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Oktoba, rufin kaɗai ya juye maka lita 3,000, wato galan ɗin Kufuor mai lita 25 guda 120. Abin da ya sauka kai tsaye a tsakar gidan lita 2,400 ne. Ka ga fiye da rabin matsalar daga sama take. A kewaye bakin kwanon da gota, a ba ta ɗan karkata, santimita 1 a kowace mita 2, a riƙe ta da ƙarfe duk santimita 60, don in an bar tazara mai yawa takan lotsa a tsakiya, ganye ya taru, ruwa ya riƙa ambaliya ta nan. Fayif mai inci 4 ya sauko da ruwan zuwa tanki ko ya fita da shi waje. In tanki ne, a bar ruwan farko ya zube don ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, a sa raga a baki, a kuma yi wa tankin fayif na rarar ruwa da zai fita waje.

Sai awon gangara. Ka sami robar tiyo siririya mai gani-har-hanji, mita 15, ka cika ta da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska a ciki, don kumfa ɗaya tana ɓata awon. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin bangon can ƙurya, wani ya riƙe ɗayan a ƙofar gida. Inda ruwan ya tsaya a bakunan biyu tsayinsu ɗaya ne. Ku yi alama da alli. Daga kowace alama ku auna zuwa ƙasa. Bambancin da kuka samu shi ne gangarar da kuke da ita yanzu. Abin da ake so santimita 2 a kowace mita, ko inci 1 a kowace ƙafa 4 a awonmu na magina. A mita 10, ƙofar gida ta fi ƙurya ƙasa da santimita 20 ke nan. In wurin bai ba da haka ba, kada a gaza santimita 1 a mita. Ku auna har cikin gotar titi, don ita ce za ta karɓi ruwan. Kuma duk cikon da za a yi, tsakar gida ta zauna ƙasa da dokin ƙofar ɗakuna da santimita 15, in ba haka ba ruwan da kuka kora daga tsakiya ɗakin mutane zai nufa.

Lissafin siminti: kwaɓin 1:2:4. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon magina biyu ne, saboda haka buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. A kaurin inci 3, buhu ɗaya yana rufe kusan murabba'in mita 2. Tsakar gidanka duka buhu 40 ke nan, ko kusa da haka. A fasa tsohon simintin a yi ciko da shi, a zuba marmara kaurin santimita 10, a daɓe, a ƙara wani a sake daɓewa. Ciko da aka zuba lokaci ɗaya ba daɓe shi ne ke zama daga baya, kankaren ya tsage. A yanka tsaga duk mita 3 don in zai tsage ya bi nan. Kada ka yarda a goge saman da cokalin ƙarfe har ya yi ƙyalli. A ja tsintsiya mai tauri a kai tun yana ɗanye, ya yi kaushi, ƙafa ta sami abin kamawa.

A ganina gota da awo a yi su yanzu, zubin kankare a bari sai ƙarshen Nuwamba. Ruwan sama in ya daki kankare a sa'o'in farko yana wanke simintin da ke sama, ya bar yashi yana ɓarewa. In an shiga hunturu kuma iska na busar da shi da wuri, sai a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, a rufe da buhuna jiƙaƙƙu.

Malam Sawaba:

Alhaji, ƙari a kan maganar Magini. In gotar titi ta fi tsakar gida tudu, a haƙa ramin shanye ruwa a kusurwa: faɗi mita 1, zurfi mita 1 da rabi, a cika da duwatsu manya, tsakuwa a sama, a rufe da murfin kankare. Ya yi nesa da tushen gini da mita 5, kuma kada ya kusanci rijiya ko ramin masai.

Magini Ɗan Asawase:

Malam, ramin nan yana aiki a tudu, amma a Aboabo sai an gwada. Gidajen da ke gangaren rafi ruwan ƙasa na kusa, a irin wannan wata ramin da kansa zai cika daga ƙasa. Ga kuma wurin: faɗin mita 8 ne da ɗakuna ta ko'ina, ko tsakiyar ma mita 4 ce daga bango. Gwajin ba wuya. A haƙa rami santimita 30 faɗi da zurfi, a cika da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwa na nan, ƙasar ba ta sha, a bar zancen.

Hajiya Mai Koko:

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, kafin Nuwamba akwai abin da ba zai jira ba, santsin nan. Tsohuwa ko mai ciki in ta zame a kan siminti, abin ba daɗi.

Gansakuka inuwa da danshi take bi. A haɗa bilic kofi 1 da ruwa kofi 10, a zuba da rana tsaka lokacin da wurin ya ɗan bushe, a bar shi minti 15, a goge da burushi mai tauri, a ɗauraye. Mai aikin ta sa takalmin roba da safar hannu, a kore yara da kaji. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid, iskar da ke tashi tana ƙona ƙirji. Amma in ruwan wanki na ci gaba da kwarara a nan kullum, cikin 'yan makonni za ta dawo. A ware wa wanki da wanke-wanke wuri ɗaya kusa da mafitar ruwa, da ɗan bulo jeri ɗaya a kewaye. In akwai mangwaro ko darbejiya da ke rufe wurin, a sassabe reshe rana ta shigo. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa a kira ma'aikatan wuta, kada a tura yaro da adda.

Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 yake ɗauka a zafinmu, shi ya sa zagayen mako-mako yake da amfani. A zaɓi rana ɗaya: a kife gwangwanaye, ɓawon kwakwa, tsofaffin tukwane, a huda tsohuwar taya ko a fitar da ita. Duro a juye a goge cikinsa, saboda akwai sauron da ke manna ƙwai a jikin bango, zubar da ruwa kaɗai ba ya cire su. Sauron zazzaɓin cizon sauro kuma ƙananan kududdufai masu shan rana yake so, har sawun ƙafa a cikin laka. A cike su da yashi ko marmara tun yanzu. Baƙin mai da wasu ke zubawa a gota a daina, rafi yake gangarawa.

A bakin mafitar ruwa a sa ragar ƙarfe. Ledar fiya wata guda biyu da ganye sun isa su toshe fayif mai inci 4. Duk wadda sharar tsakar gida ta zo kanta, ta duba ragar kafin ta ajiye tsintsiya, haka ma in an ga hadari ya haɗo. A 2014 aka sa Asabar ta farko a wata ta zama ranar tsafta a Ghana, ku riƙe ta don yashe gotar ƙofar gida. Abin da aka kwaso a loda wa aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ranar. In aka tara shi a bakin gota, ruwa na farko zai mayar da shi ciki.

A ɗakuna, a janye kabad da katifa daga bango tazarar tafin hannu don kada su yi fumfuna, a ɗaga wayar soket daga ƙasa. In ruwa ya taɓa shiga ɗaki, a kashe wuta daga babban makunni kafin kowa ya taka.

Kocin Yara, Tafo:

Baba Alhaji, ina roƙo a madadin yaran: kada a shafe ko'ina da kankare. Faɗuwa a kan siminti mai kaushi tana kwashe fatar gwiwa. A yi kankare mita 1 da rabi a gaban ɗakuna da wurin wanki, tsakiyar a bar ta marmara da aka daɓe da gangararta, da yashi kaɗan a sama, kamar santimita 2. Wannan zai rage buhunan da Magini ya lissafa sosai, filin da ya rage kuma ya ishi ƙwallon yara uku da uku da ƙananan raga masu faɗin mita 1, ya ishi ampe.

Sharaɗinsa ɗaya ne, ba a wasa a kansa yana jiƙe. Ƙafa ita ke tona ramukan da ruwa ke kwanciya, musamman gaban raga. A damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule tana maƙale wa yatsu, ko tana bin takalmi, yau babu wasa. In rami ya fara, a kankare lakar, a cika da marmara mai ɗan danshi, a daɓe. Takalmi mai ƙusoshi a ajiye shi don babban fili. A gida kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi, don ƙusoshi suna tona ƙasa kuma suna zamewa a siminti. Ƙwallo lamba 4, a ɗan rage mata iska don kada ta riƙa tsalle cikin tukwanen mata. In ta jiƙe a goge ta a ajiye a inuwa, kada a kai ta bakin murhu, zafi na buɗe ɗinki da gam. Takalmi a cusa masa tsohuwar jarida, a sauya in ta jiƙe. Bayan kowane ruwa, wani babba ya zagaya filin, don ruwa yana tono ƙusa da gutsuren kwano da kwalba. Yaron da ƙusa ta soke a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus.

Abu biyu da ba na sassauci a kansu. Ruwan wannan lokaci da tsawa yake zuwa, galibi da yamma, daidai lokacin wasa. In an ga walƙiya a ƙirga har a ji tsawa: duk daƙiƙa 3 kilomita 1 ce tsakaninku da ita. In ƙarar ta iso kafin a kai 30, kowa ya shiga ɗaki, ba gindin bishiya ba, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Na biyu, ƙwallon da ta faɗa gota ana ruwa ta tafi ke nan. Babu yaron da zai bi ta. Ruwan da ke gangarawa rafin Aboabo yana da ƙarfin ɗaukar babba.

Ranar da aka wuni ana yayyafi, ga tebur tenis a baranda. Teburin gasa mita 2.74 ne da 1.525, tsayi santimita 76, amma filawud ɗaya mai ƙafa 8 da 4 ya ishi yara. A sayi mai kaurin inci uku bisa huɗu, a yi masa fenti ciki da baya har gefuna, don ta gefe danshi ke shiga ya kumbura shi. A ɗora a kan benci biyu, in an gama a jingine shi a tsaye bisa bulo, kada ya taɓa ƙasa.

Mai Gidan Haya, Aboabo:

Allah ya saka da alheri, duka. Mun yi awon da tiyo. Tsakiya ta fi ƙofar gida ƙasa da santimita 12, amma ƙasan gotar titi ya fi ƙofar ƙasa da santimita 40. Sai dai in an yi ruwa mai ƙarfi gotar na cika har baki. Yaya za a yi da fayif ɗin fita?

Magini Ɗan Asawase:

To alhamdu lillahi, kana da inda za ka kai ruwa. Santimita 12 ɗin nan ita ce kududdufinka. A cike tsakiyar da marmara har ta ɗara ƙofa da santimita 5 zuwa 10, ƙurya kuma ninkin haka, gwargwadon yadda dokin ƙofar ɗakuna ya bari. Kafin ƙofa a gina ɗan akwatin bulo, santimita 45 kowane gefe, da murfin raga. Ƙasansa ya zarce bakin fayif zurfi da santimita 15 don yashi ya kwanta a nan, a riƙa kwashewa da hannu. Fayif ɗin ya shiga gotar titi ta sama-sama, kada ya sauka ƙasanta inda laka za ta binne shi, bakinsa kuma ya karkata ya bi inda ruwa ke gudu. A sa masa murfin roba mai buɗewa waje kaɗai, wanda ruwan gota in ya taso zai danne shi ya rufe. Masu sayar da kayan famfo suna da shi. A ƙofar gida a ɗaga dandamali bulo ɗaya, a yi masa gangara ta ciki da waje don baro da babur su wuce. Fayif biyu masu inci 4 sun fi ɗaya: na rufi daban, na tsakar gida daban, don in ɗaya ya toshe ɗayan na aiki.