Neman shawara: duk inda na shiga sai an ce na rame

Maman Hanifa, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da aka auna ni da safe ban ci komai ba, suga ya nuna 7.4, aka sake awo, likita ya ce daga 7 ya zama ciwon suga. Na bar lemon kwalba, na rage tuwon shinkafa da masa, fura ma ba na sa mata suga. Daga kilo 94 na dawo 82, gwiwata ta daina damuna wajen sujada.

Bakin mutane ne ya hana ni sakat. Ranar Asabar wajen suna a Runjin Sambo, ƙanwar uwar mijina ta ɗaga hannuna, awarwaro ya zame har gwiwar hannu, ta ce a gaban mata: "Ke ɗiyag ga, mi as same ki? Ko ɗan namu ba ya cishe ki?" Wata ta ce ƙila kishiya za a yi min. Na yi murmushi, da na koma gida sai kuka. Ba na son tallan ciwona, kuma ba na son a zargi maigida, shi ke sayo min zogale da kifi. Wace amsa zan bayar ba tare da na yi rashin kunya ba?

Hajiya Inna, Ƙofar Rini:
Ɗiyata, ba a ja da babba cikin taro. Ki rusuna ki ce: "Lahiya lau nike, Inna, likita yac ce in rage jiki, a sa mu a addu'a." Wanda kika roƙa addu'a, amin ta rage mai. Amma uwar mijinki ki iske ta ɗaki, ku biyu, ki hwaɗa mata gaskiya. In ta sani, ita za ta tare miki dangi, ba sai kin buɗe baki ba.

Ummu Khalil, Arkilla:
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Don Allah kada surutu ya kai ki ga "sha ka fashe", ƙwayoyin da ake sha don a yi ƙiba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne, yana kumbura fuska, yana kuma ɗaga suga, ga mai irin lalurarki haɗari ne babba. Ramar da ake tsoro ita ce wadda ta zo ba a neme ta ba, musamman in da tari na sama da mako biyu ko zufar dare. Taki da sanin likita ce.

Anti Balki, Gawon Nama:
Ni dai ban ga abin ɓoyo ba. Ciwon suga ba abin kunya ba ne, ki faɗa kowa ya huta.

Maman Sadiq, Tudun Wada:
A'a Anti, lafiyarta sirrinta ce. Ranar da ta faɗa, kowa zai zo mata da sassaƙe da jiƙo. Ga sa'o'inki, Maman Hanifa, ki ce "ni na nemi haka, alhamdulillahi", ki tambaye su yara. Hadisin barin abin da bai shafi mutum ba kuwa, ki riƙe shi a zuci, kada ki karanta wa surukai.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, ranar Juma'a maigida zai kai ni gaishe da mahaifiyarsa, zan tafi da katin asibitina in nuna mata. Anti Balki, ki yi haƙuri, ban kai nan ba tukuna.