Amortisan gaban Hilux: a canza a gida?

Mai Albasa: Salamu alaikum ƴan zaure. Hilux Vigo ɗina ta 2010, amortisan gaba na hagu, wato ƙarfen da ke kashe girgizar mota, ya fara zubar da mai, kuma in na taka birki sai hancin motar ya nutse. Ina so in canza da kaina ranar Lahadi, yarona zai kama mini. Wane iri zan saya? Nan Tawa, ko in aika Yamai?

Shofan Abalak: Wa alaikumus salam, Alhaji. KYB ka nema. Kuma guda biyu, ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Mai Albasa: Na daman lafiyarsa lau fa.

Shofan Abalak: Tare sunka fara aiki, tare sunka sha ramuka. In ka sa sabo a hagu ka bar tsoho a dama, gefe guda na riƙewa gefe guda na lilo, ranar da ka taka birkin gaggawa za ka ji bambancin a sitiyari.

Baba Makanike: Alhaji, kafin maganar iri, a fara duba gaban motar. Tsofaffin Hilux katkat, wato masu ja da taya huɗu, na kafin 2005, masu bar ɗin torsiyo, amortisansu daban yake tsaye, noti sama, bulon ƙasa, ko almajirin garaji zai cire shi. Haka Land Cruiser 79, rasor (sifirin) gefe, amortisa gefe. Amma daga Vigo zuwa Revo, amortisan a cikin rasor yake, kuma rasor ɗin a danne yake da ƙarfin da ke ɗauke da gaban mota da injinta. In ka leƙa sama za ka ga noti uku a kewaye da guda ɗaya a tsakiya. Ukun nan su ne naka. Na tsakiya kada hannunka ya taɓa shi sai an matse rasor. Shawarata, ka cire su dunƙule guda a gida, ka kawo garaji a musanya maka, ka koma ka ɗaura. Ka rage kuɗin aiki, kuma yatsunka goma suna nan.

Autan Zaure: Baba, ai akwai abin matsewa na hannu, ƙugiya biyu masu zare. Na gan su a kasuwa, ba tsada.

Baba Makanike: Na ƙananan motoci ne galibinsu, ɗana. Rasor ɗin Hilux ya fi su kauri, ƙugiyar ba ta zama daidai, tana zamewa.

Ɗan Ader: Ni dai a bar ni in faɗi abin da ya same ni, don kada wani ya faɗa ramin. Bara da damina na aika kuɗi Yamai, wani mai shago da aka haɗa ni da shi ya ɗoro mini guda biyu a motar haya. Kwali sabo fil, da tambari, da leda a ciki, ƙarfen baƙi wuluk yana sheƙi. Aka ɗaura. Tun daga Tawa zuwa Badagishiri na ji motar ba ta zauna ba, na ce ko sabunta ce. Ban kai Tsarnawa ba gaban motar ya koma tsalle, duk ramin da na shiga sai ta yi ta rawa kafin ta natsu. Na tsaya gefen hanya na sa hannu a jikin amortisa. Wanda ke aiki in ya sha gargada ɗumi yake yi, ai aikinsa ke nan, yana maida girgiza zafi. Nawa na dama sanyi ƙalau. Na hagu kuwa mai ya jiƙe shi har ƙasa, jar ƙura ta manne ta zama laka. Da na dawo aka sauke su, makanike ya kankare fentin da wuƙa, sai ga tsatsa a ƙarƙashi, ga tsohuwar lamba da aka goge da takardar yashi. Ya zaro sandan ya nuna mini zane-zane a jikinsa, wurin da aka damƙe shi da fensa. Wato tsofaffi ne aka wanke aka fesa musu fenti aka sa a kwali. Na kira mutumin, ya ce kaya in ya hau mota ba ya komowa. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, iyalina na ɗauko a tafiyar nan, da yara a baya. Kuma kafin in tara kuɗin wasu, tayoyin gaba sun cinye gurbi-gurbi, in ka shafa da tafin hannu ka ji tudu da kwari. Don haka Alhaji, ko wa zai sayo maka, a buɗe kwali a gabansa. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwali. A kalli ramin bulon na ƙasa, sabo ba ya da sawun bulon a ciki. A danna sandan da hannu, ya shiga da nauyi iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, in mai gas ne ya fito da kansa sannu a hankali. In ya shige fuu ba tare da turjiya ba, a mayar wa mai shi nan take.

Mai Albasa: Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Bagobirin Madawa: Amin. Amma wa ya aike ka sayayya garin Zabarmawa ba ɗan rakiya? Su da ko tuwo sai sun yi maka fenti.

Bazabarmen Yamai: Ji mai zane a fuska! Kai da motarka igiya ke riƙe da bonet, mi ka sani game da amortisa? Ka zo Yamai in saya maka dambu ka ƙoshi tukuna.

Bagobirin Madawa: Igiyar ma ta Gobir ce, ta fi ƙarfenku.

Bazabarmen Yamai: Wasa gefe, Alhaji. Masu gaskiya sun fi yawa a nan, kuma na banza ko'ina akwai su. Ka turo mini hoton kat giriz, takardar motar, lambar shasi nake so, harufa da lambobi 17 ɗin nan. Da ita ake nemo wanda ya dace, don Vigo ba iri ɗaya ba ce, ta katkat daban, mai jan baya kaɗai daban. In je da ƙafata, in karɓo rasit. Sai dai ka sani kaya sun yi tsada da hanyar Kwatano ta rufe a 2023, aka koma zagayowa ta Lome.

Shofan Abalak: To mi ya hana Ƙonni? Kusa ce, kuma kayan Sakkwato na shigowa.

Ɗan Ader: Can ma sai da ido.

Malamin Lise: Ina da tambaya a kan wannan. Masu cewa a sa Old Man Emu ko Bilstein fa? Na ji ana yabon su a hanyar Agadas.

Shofan Abalak: Masu kyau ne, Malam. Na farkon na Ostireliya ne, don daji aka yi shi, na biyun na Jamus. Amma kuɗinsu ba na mai kai albasa kasuwa ba ne. Kuma ba su za su hana mota durƙusawa ba in an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Amortisa ba ya ɗaukar nauyi, rasor ke ɗauka, shi kashe rawa kawai yake yi. Alhaji in ya fito daga Galmi buhu har saman kabin.

Mai Albasa: Haba, kai ma ka san ba na wuce ƙa'ida. Wanda ke ɗora mutane a kan buhunan gero zuwa Cintabaradan shi zai yi mini wa'azi?

Shofan Abalak: Ni Land Cruiser gare ni, don haka aka ƙera ta.

Mai Albasa: Ita ma ƙarfe ce, tana gajiya.

Baba Makanike: Ku bar wannan. Alhaji, in dai za ka yi a gida, tun daren Asabar ka jiƙa notocin da WD-40, ko gazwal in babu. Kada ka sa wuta don bulon ya ƙi, amortisa mai gas ba ya shiri da wuta. Ka nemi daɓe mai ƙarfi, ba rairayin ƙofar gida ba. Ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya, ka sassauta notocin taya tun mota na ƙasa. In ka ɗaga da kirik (jak), ka tokare shasi da shandal, ƙarfen nan mai ƙafafu da ake ɗora mota a kai. Bulon siminti ba abin tokarewa ba ne, fashewa yake ba sallama. Sai ka kwance sandan bar stabilizata don triyangil na ƙasa, ƙarfen da ke riƙe da taya, ya samu sauka, kana lura da tiyon birki da wayar ABS kada su miƙe su tsinke. Kafin a raba rasor da tsohon amortisa, a ja layi da alli daga hular sama har idon ƙasa, in ba haka ba za ka dawo gida noti uku su shiga, bulon ƙasa ya ƙi haɗuwa da raminsa. Sannan bulon ƙasan nan kada ka ɗaure shi tamau mota na rataye. Sai ta sauka nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar tana zama a murɗe, ba ta daɗewa sai ta yage.

Autan Zaure: Baba, paralelis fa, wato saita tayoyin gaba?

Baba Makanike: A yi bayan an gama. Kuma tun da taya na waje, a girgiza rotil, gaɓar nan ta ƙafar mota, a duba silanbulok, robobin mahaɗa. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa amortisa daga can take.

Malamin Lise: Motata ma tana wani ƙwas-ƙwas in na hau tudun rage gudu na bakin kasuwa. Ko shi ne?

Baba Makanike: Kawo ta in ji da kunnena, Malam.

Bagobirin Madawa: Af, shandal ɗina guda biyu da aka ara tun kafin Sallar layya, suna hannun wa?

Autan Zaure: Ba ni ba ne, Yaya.

Shofan Abalak: Suna bayan motata. Jibi in na sauko zan aje su wurin Baba, Alhaji ya fara amfani da su kafin su wuce Madawa.

Bagobirin Madawa: Da izinin wa?