Neman kalma: me za mu kira drone ɗin da ake sawa a jaka?

Jama'a ku taya ni. Ƙanina zai yi tafiya a jirgin sama da drone ɗinsa na ɗaukar hoto, ya ce in rubuta masa ƙa'idar batir da Hausa. Na fara: "Idan za ka shiga jirgi da jirginka maras matuƙi…" sai na ajiye biro. Jirgi cikin jirgi ke nan, kuma duk inda na sake cewa "jirgin" ba a san wanda nake nufi ba.

"Jirgi maras matuƙi" a bakin 'yan jarida muka same shi, kuma duk wanda ya ji shi labarin yaƙi ne ke faɗo masa. Abin da ke jakar yaron nan DJI Mini ne, bai kai giram 250 ba. Kuma yana da matuƙi, a ƙasa dai yake tsaye da rimot a hannu. "Kurman jirgi" ma na ji ana faɗa, amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi yana tashi ya san ƙugin da yake yi. Turawa ma sunan namijin ƙudan zuma suka ara suka ba shi.

Ni abin da ya kwanta min shi ne "jirgin mazari". Mazari fukafukinsa huɗu, wannan farfelarsa huɗu. Yana tsayawa cak a iska yana karkarwa, ya zabura gefe, ya dawo. Tunda mun yarda da jirgi mai saukar ungulu, ban ga abin da zai hana wannan ba. A taƙaice ma sai a ce mazari kawai: cire batirin mazarin kafin ka hau jirgi. Rikicin jirgi biyu ya ƙare.

Wani ya ce "ɗan shawagi" ya fi, don yaran yanzu ba su san mazari ba. Malam, gaskiyarka rabi ce. Amma shirwa ma shawagi take yi, jirgin soja ma haka. Mazari kuwa ko a "jikinsa na rawa kamar mazari" sun taɓa jin sa.

Kalma ta biyu ta fi ba ni wuya, kuma ita ce tushen dokar gaba ɗaya. Batirin litiyam idan ya fashe, ko aka matse shi, ko wani ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu, zafi ne ke haifar da zafi a cikinsa. Ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan da ke cikin batirin ya kama, ya kunna na kusa da shi, har hayaƙi da wuta su tashi. Injiniyoyi na cewa thermal runaway. "Gobarar batir" ba ta isa ba, don abin yana farawa tun ba a ga harshen wuta ba. Na rubuta "ƙwacewar zafi", yadda mota ke ƙwace wa direba a gangare.

Da wannan kalmar sai bayanin ya zo da sauƙi. Batirin safaya ba ya shiga babbar jakar da ake awo a kai cikin jirgi, sai jakar hannu, domin in zafi ya ƙwace a sama ma'aikatan jirgi na gani, su kashe wutar su yi ta zuba ruwa har ya huce. A ɗakin kaya babu mai gani. A Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a filin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma bincike ya karkata ga wani fawa bank da ke ma'ajiyar saman kujeru. Kowa ya fita da rai.

Wh ɗin da ke jikin batir, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, na bar shi "wat-awa", ba sai an wahalar da kai ba. Bolt ake ninkawa da amfiya-awa: na Mavic 3, wani drone ɗin DJI, bolt 15.4 ne sau 5, ya ba da 77. A ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wanda bai wuce 100 ba yana shiga ba tare da neman izini ba. Daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya yarda, kuma safaya biyu kacal. Sama da 160 fasinja ba ya hawa da shi. Wasu kamfanonin na ƙara nasu sharaɗin, a duba kafin ranar tafiya.

Na kuma gaya masa ya liƙe bakin kowane batir da salatif, kowanne da 'yar jakarsa, kada ya haɗu da mukulli ko tsaba. In an karɓi jakar hannunsa a ƙofar jirgi don wuri ya cika, ya zuge zif ya kwashe batiran tukuna.

Saura "short circuit", wato idan ƙarfe ya haɗa bakunan batir biyu. "Haɗewar baki" na sa na wucin gadi. Masu gyaran wuta, me kuke cewa a wurin aiki?