Yadda 'yan sandan Amurka suka fara sa ido kan gungun 'yan babura

Ɗan Kofar Soro: Jama'a, ina neman sanin lokacin da hukumomin Amurka suka fara ɗaukar gungun masu babura a matsayin barazana ga tsaro.

Malam Sani, Daura: Ƙanena, lamarin ya yi ƙamari ne a Monterey, wani ƙaramin gari na bakin teku a Kalifoniya, inda a 1964 aka kama 'yan ƙungiyar masu babura ta Hells Angels bisa zargin fyaɗe, amma daga bisani aka janye tuhumar saboda rashin hujja.

Hajiya Binta: Haka ne, Malam. Duk da janyewar, babban lauyan jihar, Thomas Lynch, ya fitar da rahoto a kansu a 1965, wanda ya sa 'yan sanda suka riƙa tare su a kan hanya. Abin da ke damuna shi ne, irin wannan bincike yakan haɗa da mai neman abincinsa, kamar yadda muke gani ga 'yan acaba a Katsina.