Ɗan kwantiragi ko ma'aikaci, lissafi ya ƙi min

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ƙaramin kamfani gare ni, muna neman mai mana zane a kwamfuta. Ɗan kwantiragin da na samu kuɗinsa na wata ya fi albashi nesa ba kusa ba, amma shi zai ji da harajinsa, kwamfutar ma tasa ce, ba fansho ba kuɗin hutu a wuyana. Na zauna da Excel na ɗora wa albashin kason fansho, inshorar lafiya da kayan aiki, sai ga su kusan kunnen doki.

Inda na maƙale shi ne akanta ya ce muddin ni ke yanka masa lokacin aiki kuma ni kaɗai yake yi wa, hukumar haraji za ta iya ɗaukarsa ma'aikaci ko me muka rubuta a takarda, a biyo ni harajin baya har da tara, ni kuma gaskiya safe zuwa yamma nake buƙatarsa kullum.

A haka akwai yadda zan tsara yarjejeniyar ya tsaya a ɗan kwantiragi ba tare da na faɗa wannan tarar ba?