Waakye ya gagare ni, ina neman shawara

Ƙaninku daga Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, aiki ya kawo ni Akra. A gida ban taɓa ɗora tukunya ba, sai dai a zubo mini. Yanzu sayen abinci safe da dare yana cinye mini albashi, shi ya sa na sayi ƙaramin gas na fara koyon girki da kaina. Dafa-duka da miyar tumatir sun fara zama, amma waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, ya ƙi. In wake ya nuna shinkafa ta caɓe, in shinkafa ta yi warawara wake na nan da ƙarfinsa. Launin ma ba ya fita. Tare nake zuba wake da shinkafa da karan dafi a ruwa ɗaya. Don Allah a ina matsalar take?

Hajiya daga Mamobi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Matsalar tana wurin zuba su tare. Wake yana cin kusan awa guda a wuta, shinkafa kuwa minti 20 ya ishe ta, to ta yaya za su nuna lokaci ɗaya? Ka jiƙa waken tun dare. Da safe ka wanke karan dafin sosai, don yana riƙe ƙura, ka ɗora shi da waken da ɗan gutsuren kanwa. Kanwar ce ke tausasa wake, ita ce kuma ke jawo jan da ke jikin karan. Ka riƙa ciro ƙwaya ɗaya kana matsawa da yatsa. In ta fashe amma tsakiyarta da ɗan saura, lokacin shinkafa ya yi. Tsame karan, ka zuba shinkafa da gishiri, ruwan ya ɗan haura kanta kaɗan. Da ya tsotse ka rage wuta can ƙasa, ka rufe ruf, turiri ya ƙarasa. Ban da yawan juyawa, shi ke caɓa ta.

Yayarka daga Madina:
Hajiya ta gama magana, amma ni a kan kanwa ina da ja. Sabon hannu ba ya sanin iyakarta, kuma in ta yi yawa abinci ya yi bauri, ciki ya ɗauki ƙugi. Waken da ya kwana a ruwa yana nuna ba tare da ita ba, sai dai launin ba zai kai na masu sayarwa ba. Ka kuma duba shinkafarka. Mai ƙamshin nan ta leda ba ta jure ruwa. Ranar Laraba ka shiga kasuwar Nima ka ce wa mai awo ta waakye kake so, za ta ba ka mai tauri.

Hajiya daga Mamobi:
Gaskiyarki 'yata, shi ya sa na ce gutsure. Kar ta wuce girman ƙwayar gyaɗa a ƙaramar tukunya, kuma ya jiƙa ta a ruwa ya tace, saboda yashi.

Wani magidanci daga Asawase:
Ƙanena, ni ma a zaman gwauranci na koya, kuma abin da ya fi taimaka mini shi ne gwangwani guda. Ka ware gwangwanin madara ɗaya, da shi za ka auna wake, da shi shinkafa, da shi ruwa. Fara da wake ɗaya shinkafa biyu. In bai yi ba, gobe abu ɗaya tak za ka sauya, ko ruwa ko wuta ko lokacin zuba shinkafa, ka rubuta a wayarka. In ka sauya uku lokaci guda, ko ya yi daɗi ba za ka san wanne ya gyara ba. Iyayenmu mata da ido suke awo saboda shekaru sun zaunar musu da hannu, kai ba ka kai nan ba tukuna. Kuma ka riƙa dafa kaɗan, yadda in ya lalace asarar ba za ta sa ka yi zuciya ka koma bakin titi ba. Wanda ya caɓe ma kar ka zubar, da mai da yaji ana cinsa lafiya lau.

Inna daga Sabon Zango:
Ɗana, a gidan hayar da kake babu dattijuwa? Ka gaishe ta, ka kai mata ɗan goro, ka roƙi ranar da za ta dafa ka tsaya kusa. Yadda ruwa ke tsotsewa da ƙamshin da ke cewa gindin tukunya ya fara kamawa, ba a rubuta su. Kuma kar ka auna naka da na masu sayarwa. Su babbar tukunya ce a kan itace, tun kafin asuba.

Ƙaninku daga Nima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai wata Inna a ɗakin da ke kallon nawa, yau zan je gaishe ta. Tukunyata siririya ce, tana saurin kamu a gas. Sai na sake wata?

Hajiya daga Mamobi:
Ba dole ba. Ɗora tsohon faranti na ƙarfe a kan wutar, tukunyar a samansa, bayan ka rage wuta. In ka samu kuɗi ka nemi ta dalma mai kauri. Asabar ka gwada ka zo ka faɗa mana, sai mu shiga maganar shito, soyayyen yajin da ake cin waakye da shi.